Tudun Wada ko Damba: Inda Malami Zai Kama Haya a Gusau

Mai girma shugaban reshe da jami'ansa, iyayenmu da suka ajiye alli amma ba su ajiye mu ba, 'yan'uwana malamai maza da mata, da iyalan da suka rako mu, ina yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Tsafe da Bunguɗu.

Batun da aka ɗora mini shi ne haya, kuma an taƙaita mini shi a kan tambaya guda wadda take zagaya ofisoshin malamai duk lokacin da kuɗin wani ya kusa ƙarewa: in malami zai kama gida a Gusau, ya shiga Tudun Wada ne, ko ya fita Damba? Na san akwai Samaru da Sabon Gari da Gada Biyu da Birnin Ruwa da Mareri da Unguwar Gwaza, kowace da masoyanta. Amma waɗannan biyun ne suka fi fito da bambancin a fili. Ɗaya tana cikin gari, maƙil da jama'a, ɗaya kuma tana bakin gari a kan hanyar Zariya, inda gine-gine ke ta cin gonaki. Wanda ya iya auna su zai iya auna sauran.

Ya kamata mu fara tuna abin da ya sa tambayar ta zama tamu. A da, malamin da aka tura Tsafe, a Tsafe yake zama. Makarantun kwana suna da gidajen malamai, a ƙauye kuwa mai gari ne ke nema wa malam masauki, sau da yawa ba tare da an yi zancen kuɗi ba. Kowa a ɗakin nan ya san abin da ya rushe wannan tsari. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Satumbar shekarar aka shiga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a faɗin jiha. A tsakanin waɗannan shekaru malamai da yawa suka kwaso iyalansu zuwa Gusau, su kuma suka ci gaba da zuwa aiki inda takarda ta ajiye su. Malamin firamare ma'aikacin hukumar ilimi ne ta ƙaramar hukumarsa, ba ya tashi kawai ya ce a mayar da shi Gusau don ya yi ƙaura. Haka muka wayi gari muna neman haya a gari ɗaya da dubban mutanen da suka baro ƙauyukansu, kuma mai gida ya san da haka.

Tudun Wada ma, in mun koma baya, bakin gari ce. Gusau ta Malam Sambo Ɗan Ashafa ƙaramin gari ne har zuwa lokacin da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa ta, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka biyo jirgi, baƙi suka biyo kamfanoni, kuma kamar yadda ya faru a Zariya da Kano, baƙin nan a wajen tsohon gari suka sami matsuguni, a Sabon Gari da Tudun Wada. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikata suka dawo daga Sakkwato, garin ya sake faɗaɗa. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda mazauninta ke kan hanyar Zariya, ita ma ta ja gine-gine zuwa wannan ɓangare. Masu son Damba sukan kawo wannan tarihin a matsayin hujja, su ce abin da Tudun Wada ta zama, Damba ma za ta zama. Gaskiya ne, kuma da zancen sayen fuloti muke yi da na ce a hanzarta. Sai dai ɗan haya shekara ɗaya yake saye. Kwalta da famfo da asibitin da za su zo nan da shekara goma, mai gida ne zai ci ribarsu, kuma ranar da suka iso ita ce ranar da zai ƙara kuɗi. Saboda haka mu auna unguwannin yadda suke a bana.

Abin da bakin gari ke bayarwa ba ƙarami ba ne, kuma ba zan rage masa komai ba. Kuɗin da zai ba ka ciki da falo a gidan haya na mutum biyar a cikin gari, inda ake layin banɗaki da asuba, yana iya ba ka gida kai kaɗai a can, da tsakar gida, da ƙofar da kai ne mai rufe ta. Ginin sabo ne, iska tana shiga, yara suna da wurin wasa, uwargida tana iya kiwon kaji da 'yar akuya. Duk wanda ya taɓa zama ya raba faɗan mata a kan igiyar shanya ko wurin ajiye murhu, alhali takardun jarrabawa na jiran maki, ya san darajar katangar da babu kowa a cikinta sai iyalinka. Malamin da ke da mata biyu ko 'ya'yan da suka fara girma, wannan a wurinsa batun mutunci ne.

To amma kuɗin da dillali ya faɗa maka ba shi ne kuɗin gidan ba. Shi ne kawai ɓangaren da ake biya a dunƙule, shi ya sa yake da zafi, shi ya sa kuma muke kallonsa shi kaɗai. Sauran ana biyansa ne kullum, ɗari biyu nan, ɗari biyar can, a hannun mai Keke Napep da ɗan kabu-kabu da ɗan ga-ruwa, har shekara ta ƙare mutum bai san ya biya haya ta biyu ba.

Bari mu yi lissafi, tunda sana'armu ce. Masana harkar gidaje a ƙasashe da dama sun daɗe suna cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Daga baya wasu masu bincike a Amurka suka lura cewa wannan ma'auni yana ruɗin talaka, domin yana tura shi bayan gari inda gida ke da araha, sai abin hawa ya cinye rarar. Sai suka ce a haɗa haya da sufuri wuri ɗaya, kada su biyun su wuce kashi 45. Mu ɗora wannan a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Kashi 30 shi ne naira 21,000 a wata, wato 252,000 a shekara. Kashi 45 shi ne 31,500. Abin da ya rage wa sufuri ke nan naira 10,500 a wata, in ka raba shi ga kwanakin aiki 21, naira 500 ce a rana, zuwa da dawowa. Ina roƙon 'yan'uwanmu na Tsafe su riƙe dariyarsu. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Nisan da a da ba a sa shi cikin lissafi, yanzu shi ne kan gaba.

A ɗauka misali, gidan bakin gari ya fi na cikin gari araha da naira 100,000 a shekara. A ɗauka kuma zaman can zai ƙara wa gidan naira 1,000 a rana ta abin hawa, tsakanin malam da yaran da ke zuwa makaranta. Kwanakin karatu a zango uku sun kai 180. Naira 180,000 ke nan, ba a sa zuwa kasuwa da asibiti da gaisuwar suna da ta'aziyya ba. Lambobin nan nawa ne na misali, kowa ya cire su ya sa nasa. Abin da nake so shi ne a yi lissafin a kan takarda kafin a miƙa wa dillali kuɗi.

Nan ne mutanen Tsafe za su ce ai su lissafin yana bayansu, tunda Damba tana kan hanyarsu. Wannan magana tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce ta fi ruɗin mutane. Daga Gusau zuwa Tsafe ya haura kilomita 40, abin da zama a Damba ke rage maka kaɗan ne daga ciki. Mota kuwa ba ta barin tasha sai ta cika, saboda haka mai tsayuwa a bakin titi yana kallon motoci suna wuce shi a cike, in kuma ya samu gurbi, da wuya direba ya rage masa wani abin kirki. Wanda ke da babur ko mota tasa ne kawai ke cin ribar wannan kusanci. Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi. Kowa ya san halin hanyar nan, ba a son bin ta da duku-duku ko bayan la'asar sakaliya, shi ya sa malamai da yawa suka koma ga dabarar gida biyu maganin gobara: iyali a Gusau, ɗaki ɗaya a Tsafe, a tafi Litinin a dawo Juma'a. Malamin da ke kan wannan tsari, dare huɗu a kowane mako iyalinsa su kaɗai suke kwana. Saboda haka abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne, in yaro ya tashi da zazzaɓi da ƙarfe biyun dare, wa zai buɗe wa matarsa ƙofa, kuma minti nawa ne zuwa asibiti. A Tudun Wada akwai Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, akwai shagunan magani, akwai maƙwabcin da katangarku ɗaya. A ganina, malamin Tsafe mai kwana can shi ya fi kowa buƙatar cikin gari, duk da taswira tana nuna akasin haka.

Su kuma 'yan'uwanmu na Bunguɗu, sai a tambaye su wace Bunguɗun. Ƙaramar hukumar ta yi wa Gusau ƙawanya ta ɓangare fiye da ɗaya. Garin Bunguɗu yana kan hanyar Sakkwato, kimanin kilomita 20. Kwatarkwashi kuwa, wadda ita ma ƙasar Bunguɗu ce, tana kan hanyar Tsafe. Wanda ke koyarwa a garin Bunguɗu in ya zauna Damba, sai ya keta Gusau tun daga wannan baki har wancan kafin tafiyarsa ta fara. Wanda ke koyarwa a Kwatarkwashi, yana zuwa yana dawowa kullum a kan babur ɗinsa, yana kwana a gidansa, shi kam Damba ta yi masa daidai, kuma ba zan hana shi ba.

Sai ruwa. Gusau tana shan ruwan madatsar da ke kan Gulbin Sakkwato, kuma duk mun san famfo ba kullum yake kawowa ba, ko a unguwannin da bututu ya kai. Sababbin unguwanni galibi sun riga bututu isa, sun dogara ga rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa. Ƙarƙashin ƙasar nan tamu fa ne, shi ya sa rijiyar da ke ambaliya a watan Agusta take iya yin shiru a watan Afrilu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 50 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum shida lita 300 ke nan, jarka 12 mai cin lita 25, kusan kura guda ta ɗan ga-ruwa, kowace rana. Yawancinmu muna maneji da ƙasa da haka, amma ko rabinsa ne, a ninka shi da kwana 365 a gani. Dillali zai ce maka, “Malam, gidan ga ba ya da matsalar ruwa.” Kada ka yi musu da shi, sana'arsa yake yi. Ka bar shi ya tafi, ka dawo kai kaɗai, ka tsayar da ɗan ga-ruwan layin ka tambaye shi nawa yake sayar da jarka da bazara, kuma daga ina yake ɗebowa. Uwargida ma ta shiga ta gaisa da matan maƙwabta. Abin da za ta ji a cikin rabin sa'a, kai ba za ka ji shi a zaure ba ko ka yi wata kana zuwa.

Tudun Wada tana da nata ciwon, kada a ce na yi mata kara. Gidaje da yawa sun tsufa. Akwai lungunan da kwata ke kwana a ƙofar gida, in damina ta kankama sai sauro da ɗoyi. Inda rijiya take kusa da masai, cutar amai da gudawa ba ta da nisa. Akwai ƙarar injin niƙa da janareto, akwai matasan da ke zaman banza a bakin layi, kuma mai 'ya'ya maza masu tasowa dole ya sa ido. Gidan cikin gari da damina ake duba shi, bayan an ɗauke ruwan sama, a kalli silin, a kalli gindin bango. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ba lalle ne ya gaya wa ɗan haya ba.

Batun dare ba na son in yi shi da ƙarfi, domin a cikinmu akwai mazauna Damba, kuma dubban bayin Allah suna kwana lafiya a can. Amma ba za mu yi kamar ba mu san abin da ya faru a ranar 22 ga Satumba, 2023 ba, lokacin da aka shiga gidajen da ɗaliban Jami'ar Tarayya ke haya a Sabon Gida, a wannan shiyya, aka tafi da fiye da 20, akasarinsu mata. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, sunan unguwa kaɗai ba ya gaya maka komai. Akwai gidan da ke tsakiyar jama'a, kusa da titi da masallaci, akwai kuma gidan da yake shi ne na ƙarshe, bayansa sai kangwaye da gonaki da daji. Sau da yawa na ƙarshen nan shi ne ya fi kyau, shi ne kuma ya fi araha, kuma arahar tana da dalili. Duk wanda zai kama gida a kowane bakin gari na Gusau, ya je ya gan shi bayan sallar isha'i. Ya ƙirga gidaje nawa ne ke da mutane a ciki. Ya je wurin mai unguwa ya gabatar da kansa, ya tambaya ko akwai 'yan sintiri, nawa ake tarawa a wata, ya sa wannan ma a cikin kuɗin haya.

Malamai mata, nauyin wannan zaɓi a kanku ya fi sauka, kuma sau da yawa ba a tambayar ku. Malamar da za ta dafa abin kari, ta shirya yara, ta kai na goye wurin kakarsa, sannan ta nemi abin hawa, kowane kilomita a jikinta yake. In iyayenta ko surukanta suna cikin gari, wannan kusancin ya fi ƙarin ɗaki ɗaya amfani nesa ba kusa ba. Ina kira ga mazan da ke auren malamai, in za a zaɓi gida a fara auna nisan makarantar matar, tunda kai kana da babur.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin ɗakin nan, alhali maganar ta shafe su, wato yaran da ke zaune a aji da ƙarfe takwas suna kallon ƙofa. A watan Nuwambar 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma mun ga an gyara makarantu da dama. Amma malamin da ya iso ƙarfe tara, a gajiye, da ƙura a gira, yana tunanin motar komawa tun kafin tashi, darasin farko ya riga ya tafi, na ƙarshe ma rabinsa za a samu. In haka ta faru sau uku a mako, a ƙarshen zango an yi asarar makonni. Mu ne muke zuwa gaban hukuma muna neman ƙarin girma da biyan haƙƙoƙi, kuma littafin sa hannu na safe shi ne abu na farko da ake buɗe mana a fuska.

In an matsa mini in faɗi matsayina, ga shi. Malamin da makarantarsa take cikin Gusau ko ta hanyar Sakkwato, da wanda ba shi da abin hawa, da wanda ke kwana a wurin aiki, da mai ƙananan yara, ya haƙura da ƙuncin Tudun Wada, ya ɓata lokaci ya nemi gida mai tsabta a layi mai magudana. Mai iyali da yawa, mai abin hawa, wanda aikinsa ke ta hanyar Zariya kuma yake kwana gida kullum, ya je Damba, amma ya shiga tsakiyarta.

Ko ina aka zaɓa, a rubuta yarjejeniya, ko da mai gidan ɗan'uwa ne, a sa shaidu biyu, a karɓi rasit. A rubuta wa ke gyaran rufi da yashe masai. A tambayi la'adar dillali tun farko, domin takan kai kashi 10 cikin 100. A duba wuta: mita mai kati ce ko bil na ƙiyasi, kuma ko wanda ya tashi ya bar wa kamfanin Kaduna Electric bashi a kan gidan. A tsarin haya da aka saba bi a Najeriya, mai biyan shekara-shekara sanarwar wata shida ake ba shi kafin a tashe shi, sai dai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, saboda haka a karanta kafin a sa hannu. Wanda kuma ya ga ana cire masa kashi 2.5 na Asusun Gidaje na Ƙasa a takardar albashi, ya nemi lambarsa ya adana, kuɗinsa ne.

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo ga reshe. Abin da ke tura malami ya karɓi gidan da bai dace da shi ba, yawanci rashin kuɗin shekara ne a dunƙule a ranar da ake buƙatarsa. In asusun taimakon juna zai ware wani kaso domin rancen haya, a riƙa cira wata-wata, da mutane da yawa sun sami sararin zaɓe. Haka kuma akwai malamin da ke zaune a yammacin gari yana koyarwa a gabas, da wani da ke zaune a gabas yana koyarwa a yamma, a ƙarƙashin hukuma ɗaya, suna giftawa a hanya kowace safiya. Reshe yana iya tattara sunayen irin waɗannan ya kai wa sakatarorin ilimi da hukumar kula da malamai, a nemi musanya. Na bar takarda a teburin sakatare, duk mai so ya rubuta unguwarsa da makarantarsa da abin da yake kashewa a rana kafin ya fita.